Askin da Na Yi a Ƙirjin Mai Barci

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye hadari bai kau ba. A ranar na rataya zabirata na bar gida.

Da sunan Allah wanda ya yi jini ja a jikin kowa, ya yi ƙashi fari a jikin kowa, ya kuma bar wa kowa tasa zuciyar. Sunana Barmo, wanzami ɗan wanzami. Ban yi nisa a allo ba, ni kuma ba mai yawan zance ba ne. Abin da na gani zan faɗa, wanda ban gani ba in bar shi inda yake.

Ga abin da ya fitar da ni. Tun ina saurayi nake wanke raunin mutanen da aka sara. In an yi faɗa a kasuwa ko a bakin rijiya, gidanmu ake kawo su, na wannan unguwa da na waccan, a shimfiɗe su a zaure ɗaya. In ka tambayi mutum me ya haɗa su, sai ya ce, "Zuciya ce ta ɗebe ni." Na kafa wa mutane ƙaho ba iyaka. Na ga mataccen jini, na ga ruwan ciwo, amma ban taɓa ganin fushi ya fito a ƙaho ba. Na ce in dai a jiki yake, yana da mazauni, abin da ke da mazauni kuwa aska tana iya kai masa. Wani tsohon falke ya gaya mini cewa bayan Tekun Toka akwai ƙasar da ake jin bugun zuciya da tafin ƙafa. Can na nufa.

Ban kai ƙofar gari ba na ji takun jaki a bayana. Tunau ne, taubashina, ɗan ƙanwar ubana, mai sayar da kanwa. Bakinsa ba ya rufuwa ko yana cin tuwo.

Ya ce, "Bawana, an ce fushi za ka nemo. Ka duba madubi mana, ka huta da tafiya."

Na ce, "Koma gida, ɗan mace."

"In koma, wa zai riƙa yi maka magana da mutane? Kai da ko sallama sai an roƙe ka."

Haka muka tafi mu biyu. Uwarsa ta aiko a gaya mini in komo mata da shi yadda na tafi da shi. Na ce to.

Tekun Toka ba ruwa ba ne, toka ce mai laushi wadda ke haɗiye raƙumi har tozo. Ana ƙetare ta a bayan wasu kunkuru masu girman rumbu, waɗanda ba sa tafiya sai ana yi musu hira. In ka yi shiru sai su tsaya su fara nutsewa. Tunau ya sayar da jakinsa a bakin gaɓa, ya hau ya kama zuba. Ya ba kunkurun labarin auren kakarsa, da na kowane ɗan kasuwa da ya taɓa cutarsa, har muka kai tudu. A nan na yarda yana da amfani, amma ban gaya masa ba.

Daga nan muka isa Birnin Sanyi. Ganuwarsa ta zube ba wanda ya tayar. Mutanensa sun riga ni yin tunanin da na fito da shi. Wanzamansu suna cire wa kowane jariri matsarmama ranar suna, don haka ba mai fushi a garin. Na yi murna, na ce tafiyata ta ƙare. Muna zaune a kasuwa da rana tsaka sai ga kura ta shigo, ta ɗauki akuyar wata tsohuwa, akuyar da ita kaɗai gare ta. Maza suna kallo. Tsohuwar ta ce, "Allah sarki," ta ci gaba da tsince wakenta. Wani ya taka ƙafar wani har farce ya fita, ba wanda ya ce komai. Ban ji dariya ba a garin nan, ban ji waƙa ba.

Da la'asar wanzamansu suka zo da asake, suka ce dokar gari ce a cire wa baƙo tasa. Na laluba zabirata ina neman dabara. Tunau ya miƙe ya ce, "Ba za a cire ba." Suka dubi juna. Babbansu ya ce, "To." Muka fita ta inda ganuwa ta zube, ba wanda ya bi mu.

Muka yi ta tafiya har takalmanmu suka cinye. Wata safiya muka ga tsauni ya tare gabas duka, baƙi, mai santsi, ba dutse ko ɗaya a jikinsa. Da muka fara hawa na ji ƙasar da ɗumi. Itatuwan wurin ba su da reshe ba su da ganye, dogaye ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Na dafa ɗaya. Na shekara da yawa ina aske irinsa, na san shi. Gashi ne.

Na ce, "Tunau, a kan mutum muke."

Karon farko da na ga bakinsa a buɗe ba magana.

Kafaɗa muka hau. Daga samanta muka hangi ƙirji, faɗinsa ya fi duk ƙasar da na taɓa takawa, da garuruwa da gonaki da hayaƙin girki. Kogi ya raba shi biyu daga ramin wuya ya gangara kudu. Can nesa, wajen ciki, ga wani tsauni na yatsu sarƙe da juna, kansa ya shige cikin gajimare. A ƙarƙashin ƙafata kuwa na ji shi, dum, sai a daɗe, dum. Na durƙusa na kifa tafin hannuna a ƙasa. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Mutanen ƙasar suna kiransa Mai Barci. Numfashinsa ɗaya ne a yini. Daga asuba zuwa tsakar rana ƙasa tana ɗagawa, kogi ya janye har yashi ya fito a tsakiya. In rana ta take sai ya saki numfashin, ƙirji ya sauka, ruwa ya taho da ƙarfi ya share komai zuwa kudu. Ruwan gumi ne, ɗumi gare shi da gishiri.

A ramin wuya, inda kogin ya faro, muka tarar da wata tsohuwa mai hannu ɗaya zaune kusa da kwalekwale. Sunanta Gwamma. Ita ke tsaron mashiga.

Ta ce, "Sannunku da hanya, 'ya'yana. Kowa ya sarƙe yatsun hannuwansa in gani."

Muka sarƙe. Ta duba. Nawa babban yatsan dama ne a sama. Na Tunau na hagu.

Ta nuna ni. "Kai Badame ne, gaɓar nan." Ta nuna shi. "Kai Bahagune, waccan."

Tunau ya yi dariya. "Iya, ai sai in sake." Ya sake sarƙewa da na dama a sama, ya yamutsa fuska. "Kai, kamar hannun wani."

Ta ce, "Ka gani. Jiki ba ya ƙarya."

Ta gaya mana yadda abin yake. Damawa sun ce yatsan dama ne a sama a hannun Mai Barci, don haka su ne 'ya'yansa. Hagunawa sun ce na hagu ne. Gajimare bai taɓa yayewa ba, ba kuma wanda ya taɓa hawa ya dawo. In an yaye yaro sai a sarƙe masa yatsu. In ya saɓa da na gidansu, Gwamma ta sa shi a kwalekwale ta kai shi ɗaya gaɓar, wasu su raine shi.

Na ce, "Ke fa?"

Ta ɗaga dungunta. "Ni ba ni da yatsan da zan ɗora kan wani."

Da na ga masu mashi sun taho daga gaɓa biyu, na ce wa Tunau ya yi haƙuri, ya kama bakinsa, in na ga abin da na zo gani zan nemo shi. Ya ce, "Ka dai kula, kada Damawa su gane ba ka iya aski ba."

Damawa sun karɓe ni da kyau. Sarkin yaƙinsu, Gagarau, ya sauke ni a gidansa, ya ba ni nama da fura. Mutum ne mai kunya da kyauta. Da suka ji ni wanzami ne sai suka riƙa kawo mini masu rauni. Na ga yarinya da aka ƙone wa ƙafa, na ga tsoho da aka datse wa yatsu duka. Kowanne ana gaya mini sunan Bahagunen da ya yi.

Na tambayi Gagarau, "Uwarka fa?"

Ya nuna ƙetare da haɓa. "Tana can. Ta haife ni, amma ba ta haifi yatsana ba."

Suna da al'adar da suke kira zagin hantsi. Kullum in ruwa ya janye, gaɓa biyu su cika da mutane, a kaɗa ganguna, a yi ta jifan juna da baƙar magana. Na lura da wani abu. In ganguna suka yi zafi, bugun da ke ƙarƙashin ƙasa sai ya ƙara sauri, ƙasa ta ɗauki zafi har ta ƙona tafin ƙafa, jijiyar wuyan kowa ta tashi tana bugawa daidai da shi. Ko mutane ne ke tayar da zuciyar Mai Barci, ko tasa ce ke jan tasu, har yau ban sani ba.

Ba a daɗe ba na ji muryar da na sani daga ƙetare. Hagunawa sun gane abin da suka samu, sun ɗora Tunau a kan turmi a gaban kowa.

"Ga bawana can, Barmo, wanda ya yi wa liman aski ya haɗa da kunne."

Wannan zancen ya sha faɗa mini shi a gida, a gaban mutane, in ce masa Allah ya shirye shi, shi ke nan. Amma ranar da dubban baki suka maimaita shi suna nuna ni, sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Kullum sai ya ƙaro. Suna tafa masa, mata suna guɗa, wata tsohuwa da Damawa suka kashe wa ɗa tana share masa gumi tana kiransa ɗanta. Na ga fuskarsa tana sauyawa. Dariyar da ya saba yi bayan zagi ta daina zuwa.

Sai wata safiya ya ce, "Ku tambaye shi, shi da ya yi wa 'ya'yan gari duka askin suna, ina nasa? Gidansa ko kukan jariri babu. Haka Allah ke yi da Badame."

Ga yadda fushi yake zuwa, tunda shi na fito nema. Bakina ya bushe. Ganina ya tsuke kamar mai leƙe ta bakin ƙaho. Hannuna ya dunƙule ban sa shi ba. Na duba ƙetare ban ga ɗan gwaggona ba, Bahagune na gani a kan turmi. Na ɓamɓari ɓawon ƙasa mai tauri na jefa. A ruwa ya faɗa, amma Damawa suka ɗaga ni sama suna kiran sunana. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar aurena.

Da yamma Gagarau ya zaunar da ni. Ya ce lokacin yaƙin shekara ya zo, kuma al'adarsu ce in baƙi biyu suka zo suka rabu, su ke buɗe shi, don jinin baƙo ba shi da mai nema. Za mu haɗu a yashin tsakiyar kogi, kowa da mashi. Ɓangaren wanda ya rage a tsaye shi zai fara ƙetarawa.

Na ce, "To."

Da gaske na ce to. Sai da na je wanke ƙahonina, hannuna cikin ruwa ni kaɗai, ba ganga ba guɗa, na ji abin yana sauka kamar tafasar da aka janye wa itace. Na tuna gwaggona da saƙonta. Na nemi fushin da zan kashe ɗanta da shi, na tarar kaɗan ya rage.

Da hantsi kowannenmu ya tuƙa kwalekwalensa zuwa yashin. Gaɓa biyu ba masaka tsinke. Ganguna suna tashi, ƙasa tana bugawa har yashi yana tsalle. Tunau ya sauko da mashi, idonsa ja, gashin kansa ya taru ya cukurkuɗe tun barinmu gida. Na ji nawa jinin ma ya fara bin gangar.

Na kafa mashina a yashi, na ɗaga zabira, na yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji. "A ƙasarmu ba a aika mutum lahira da kai irin wannan. Sai na aske shi."

Damawa suka fashe da dariya, suka ce na mai da shi ragon layya. Hagunawa ma suka yi sowa, suka ce ga Badame zai yi wa Bahagune bauta. Kowa ya ga nasara tasa ce, ba wanda ya hana.

Tunau ya dube ni, ya dubi mutanensa. Girman kai ya hana shi ƙi. Ya zauna a yashi, mashi a kan cinya. Ya ce, "Zo ka yi wa ubangijinka aiki."

Na jiƙa kan, na shafa sabulu, na wasa aska a fata. Na daɗe ina wasawa. Na dafa gefen kansa da babban yatsana, a kan jijiya. Tana bugawa daidai da ƙasa, dum dum dum, ba bambanci.

"Sunkuya."

"Ba ka ba ni umarni, Badame."

"To zauna haka, in haɗa da kunnen."

Bai yi dariya ba, amma ya sunkuya.

Ban taɓa yin aski a hankali kamar wannan ba. Na fara daga goshi, ina ɗauka kaɗan kaɗan, ina share aska a tafin hannu. In na gama gefe sai in ce bai fita ba, in sake jiƙawa. Rana tana hawa. Makaɗa suka fara gajiya, wannan ya saki, wancan ya kama. Masu ihu muryarsu ta dushe. Wasu suka zauna. Gagarau ya ɗaga murya daga gaɓa, "Wanzami, kai guda ne fa." Na ɗaga masa hannu.

Da na zo ƙeya sai na ji jijiyar ta saɓa da ƙasa. Ƙasa ta buga, ita ba ta buga ba, ta jira, ta yi nata. Na tsai da aska ina saurare da yatsa. Bugun mutum ɗaya ne, ƙarami, a kan wancan babban. Na yi shekaru ina taɓa jijiyar mutane, ban taɓa jin abin da ya ba ni tsoron Allah kamar wannan ba.

Na ɗaga haɓarsa na sa aska a maƙogwaro don gyaran gemu. Gaɓa biyu suka zuba ido. Damawa suna jira in ja. Ya haɗiyi yawu, na ji maƙogwaron ya motsa a ƙarƙashin ƙarfe.

A hankali ya ce, "Barmo, yi mana in za ka yi."

"Rufe baki, sabulu zai shiga."

"Na ce maka abin da na ce."

"Na ji. Kana ganin inuwarka?"

Ya duba ƙasa. Inuwa ta shige ƙarƙashinmu. Rana ta take.

Mai Barci ya saki numfashi. Ƙasa ta sauka kamar an zare ta daga ƙarƙashinmu, daga arewa muka ji rugugin ruwa. Na kama wuyan rigarsa na ja shi cikin kwalekwalena. Ruwan ya iso kamar bango, ya ɗaga mu ya yi kudu da mu.

Na waiga sau ɗaya. Damawa da Hagunawa duka sun miƙe suna zaginmu, baki ɗaya, kalma ɗaya, suna harbo mana kibau. Ban taɓa jin gaɓa biyun nan sun yarda a kan abu ɗaya ba sai ranar. Sai kibiyar wani ta wuce mu ta faɗa ɗaya gaɓar, wani ya faɗi. Ganguna suka tashi sabo. Suka manta da mu.

Ruwa ya bi da mu ta ƙarƙashin tsaunin yatsu. Kowane yatsa ya fi hasumiya, zanen fatarsa kamar kwari da tudu, tsuntsaye sun yi sheƙa a ƙarƙashin farce. Gajimare ya ɗan motsa a sama. Tunau ya miƙe tsaye a kwalekwale yana ɗaga kai.

"Bari in gani. Na hagu ne, na rantse na hagu ne."

Na danna sabon askin nan ƙasa da tafin hannuna har muka wuce.

Kogin ya gangara ta kwiɓi ya zubar da mu a wata fadama, a kan ƙasa ta gaskiya, mai sanyi, wadda ba ta bugawa. Muka fito muka zube. Na hura wuta na gasa kifin da ruwa ya yar. Tunau ya ɗauki nasa ya koma can gindin wata bishiya, mashin yana hannunsa har yanzu. Bai ce bawana ba. In na motsa sai idonsa ya bi hannuna. Ni ma da ya miƙa hannu zai ɗauki kifi, yatsansa na duba. Haka muka kwana, wuta a tsakaninmu.

Washegari da safe na wasa aska har ta ɗauki gashin hannu. Na jiƙa kaina, na shafa sabulu, na je gindin bishiyar na miƙa masa ita ta wajen ƙota.

Ya ce, "Ban taɓa riƙe aska ba."

Na ce, "Na sani."

Na zauna a gabansa na ba shi ƙeya.